Akwatin Araha da Akwatin Kawu: Littafin Aikin Gyaran Inji

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau muka sauke injin daga jikin motar, ni da ƙanena. Silinda huɗu ne, lita 1.6, bulok ɗinsa ƙarfen zubi, kan silindar kuma alminiyam. Ya daɗe yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, daga baya ruwan lagireto ya fara raguwa ba a ganin inda yake yoyo. Ranar da na buɗe murfin mai na tarar da farar kumfa mai kauri a jikinsa na san gaskit ɗin da ke tsakanin kan silinda da bulok ya tafi. Tunda buɗewa ta zama dole, gara a yi aikin gaba ɗaya har ƙasa.

Kayan aikina kashi biyu ne. Akwai babban akwatin da na saya bara, guda 108 a ciki, kowanne yana ƙyalli, ba sunan kamfani a jiki sai tambarin Cr-V. Akwai kuma ƙaramin akwatin marigayi kawuna, wanda ya ƙare rayuwarsa a kanikanci: sifana takwas, racet ɗaya, soket goma sha biyu, filaya biyu, sukudireba, guduma. Duk sun dushe, wasu ma lambar jikinsu ta kusa gogewa.

Ga dokar da na ɗora wa kaina: kowane aiki zan fara shi da na araha, ba zan taɓa akwatin kawu ba sai na arahar ya gaza, kuma zan rubuta inda ya gaza da dalilin. Na gaji da musun da ake yi a kan wannan magana. Wani ya ce ƙarfe ƙarfe ne, wani ya ce duk abin da ba shi da tsada shara ne, kuma mai koyon aiki da ke da ɗan kuɗi kaɗan a hannu bai san wanda zai bi ba. Gani ya kori ji.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun kwance kayan waje: altaneta, famfon ruwa, murfin bawul, bututun iska. Notuna sun haura 40, mafi yawansu lamba 10 da 12. Gaskiya akwatin araha bai ba ni kunya ba a nan. Irin waɗannan notunan ba a ɗaure su da ƙarfi tun asali, masu lamba 10 ɗin ɗaurinsu bai wuce wajen Nm 10 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), kuma mai ya jiƙa su shekara da shekaru, don haka da an murɗa suke bi.

Racet ne ya fara nuna hali. Na ƙirga haƙoransa ta hanyar juya shi zagaye ɗaya ina sauraren ƙarar: 24. Ke nan sai hannu ya yi tafiyar digiri 15 kafin ya kama haƙori na gaba. A ƙarƙashin bututun shigar iska akwai noti biyu da wurin bai ba da wannan sararin ba, sai in kai hannu in dawo ba abin da ya motsa. Na kawu haƙori 72 gare shi, digiri 5 ya ishe shi. Minti biyu ya fitar da su.

Da yamma muka iso notunan salansa, waɗanda wuta da tsatsa suka gasa. Na sa sifana mai buɗaɗɗen baki lamba 12, na ja. Na ji ta yi laushi a hannuna, irin laushin da duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ba alheri ba ne. Notin bai motsa ba, bakin sifanar ne ya buɗe ya zame, ya tafi da kusurwa biyu. Na ɗauko baniya, ma'aunin nan na kauri da faɗi, na auna bakin: milimita 12.45. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 691 ta ce bakin sifana lamba 12 ya tsaya tsakanin 12.04 da 12.24. Ta kawu, bayan duk wahalar da ta sha, 12.15 ta nuna. Kashi uku cikin goma na milimita ne tsakaninsu, ido ba ya gani, amma shi ne ya raba kama gefen noti da cin kusurwarsa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Notin ya kwana cikin man sassauta tsatsa. Da safe na ɗauki soket mai kusurwa shida daga akwatin kawu, na ɗan buga shi da guduma har ya zauna, na ja a hankali. Ya yi ƙara ɗaya ya sake.

Sai yau na lura soket-soket ɗin babban akwatin duk masu kusurwa goma sha biyu ne, kuma kusurwoyin masu kaifi. Irinsu suna da saurin shiga noti, amma a kan tsinin kusurwa suke ɗora nauyi. Na kawu an fafe kusurwoyinsu ta ciki, yadda ƙarfin zai sauka a shimfiɗar gefen noti ba a tsininsa ba. Kamfanin Snap-on na Amurka ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarun 1960 da sunan Flank Drive, yanzu kuwa kusan duk mai ƙera kayan kirki yana da irin tasa. Sauran notunan salansa bakwai da shi na kwance su, ban ƙara gwada sa'a ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ji ciwo yau.

Notin fulin karanshaf ne, lamba 19, wanda ya fi kowane noti a injin ɗauri. Mun tokare fulayiwil, na sa soket na araha mai gindin rabin inci a doguwar sanda, na ƙara bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya. In mutum ya sakar wa irin wannan bututu nauyin kilo 40 kawai, ya kai wajen Nm 390 a kan noti. Na danna, na ƙara dannawa, sai ji muka yi tas! Soket ya tsage daga baki har gindi. Hannuna ya daki bulok, wani ɗan ɓallin ƙarfe kuma ya wuce ta gefen fuskar ƙanena ya bugi bango.

Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, hannunka jini yake."

Ban ko kalli hannun ba, fuskarsa nake dubawa. Da ɓallin ya karkato da faɗin yatsa biyu da wani zancen ake yi. Muka tsaya, muka wanke ciwon, kuma na rantse ba za a ƙara ja da ƙarfi a wurin nan ba sai kowa da tabarau a idonsa.

Da dare na ɗauki tsagaggen soket ɗin na duba shi a haske. Bangonsa bai daidaita ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta, a siririn gefen ya tsage. Fuskar karayar kuma garas-garas take kamar yashi. Tambarin Cr-V cewa kawai yake an sa kuromiyam da banadiyam a ƙarfen, bai ce komai ba game da yadda aka gasa shi aka sanyaya. A can ake asarar kayan aiki. In gashin bai kai ba ƙarfe ya yi laushi ya buɗe baki, kamar sifanar makon jiya. In an taurara shi ba a mayar da shi wuta an rage masa gautsi ba, sai ya fashe kamar wannan. Akwati ɗaya, cuta biyu masu kishiyar juna, wanda ke nuna ba wanda ya tsaya a kan tandar.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma zan faɗa. Soket mai ƙyalli siririn bango, ko na wane kamfani ne, ba a yi shi don bututun mita ɗaya ba. Na fita na sayo soket guda ɗaya tak, baƙi mai kaurin bango, na ƙarfen Cr-Mo da ake yi wa bindigar iska. Irinsa ya fi jure girgiza, in ya gaji yakan lotsa ne kafin ya fashe. Da shi notin ya sake a ja na biyu.

Laraba, 22 ga Janairu

Ƙaramin aiki bayan na dawo gida. Sukurori huɗu masu kan gicciye a jikin bakin iska. Sukudirebar araha ta zame, ta kawu ma ta zame. Da na goge kan sukurun sai ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen, alamar ƙirar Japan ce ta JIS, wadda ramin gicciyenta ya bambanta da na Phillips. Bakin Phillips ba ya zama a cikinsa sosai, da an matsa sai ya yi tsalle ya fito. Na aro mai bakin JIS, ba ma wata mai tsada ba, huɗun suka fita lafiya. Wannan karon ba maganar araha ko tsada ba ce.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun cire kan silinda. Notuna goma, daga waje zuwa tsakiya, kwata-kwatan zagaye, sau uku ana bi, don kada alminiyam ya murɗe. Gaskit ya ƙone tsakanin silinda ta uku da ramin ruwa, daidai yadda na yi zato.

Matsalar ta fito daga wani wuri. Ɗaya daga cikin sitod ɗin salansa, wato ƙusoshin nan masu tiredi kai biyu, M8, ya karye daidai fuskar kan silindar lokacin da nake son canza shi. A babban akwati akwai maciri guda biyar, irin masu murɗaɗɗen tiredin hagu da ake huda karyayyen noti a dunƙula su ciki. Na buga tsakiya, na huda milimita 4, na sa macirin, na fara murɗawa. Na ji yana cizo. Na ƙara kaɗan. Ko gargaɗi bai yi ba, ya ɓalle a ciki.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Da farko karyayyen sitod gare ni, ƙarfe mai laushi da kowane bakin diril zai ci. Yanzu a tsakiyarsa akwai guntun ƙarfe mai taurin da ya kai na bakin diril ɗin kansa. Na gwada baki biyu, dukansu suka dakushe, suka fara gocewa gefe suna neman cin alminiyam. Nan na ajiye. Na zauna a kan taya na fi rabin awa ina kallon ramin, raina a ɓace, domin kan silinda ba abin da ake maye gurbinsa cikin sauƙi ba ne.

Na ɗauke shi na kai wa wani dattijo mai walda, abokin aikin kawu tun suna samari. Ya sa tabarau, ya shafa wurin da ɗan yatsa.

"Wa ya sa maciri a nan?"

"Ni ne, Baba."

"Yaro, maciri faɗaɗa noti yake yi a cikin raminsa. Kana murɗawa yana ƙara matse shi. Noti da tsatsa ta riƙe har ya karye, wannan ɗan tsinken ne zai fi shi ƙarfi?"

Ya ɗora wasa, wato zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, a kan ramin, ya ɗiga walda ta tsakiyarta har ta kama kan sitod ɗin da guntun macirin baki ɗaya, sannan ya ɗora macen noti a kai ya cika cikinta. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, don haka kan silindar bai san ana yi ba. Zafin kuma ya yi nasa aikin: alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai tsatsar da ke tsakaninsu ta saki. Ya bari ya huce, ya sa sifana ya riƙa kaiwa da komowa kaɗan-kaɗan, gaba, baya, gaba. A karo na farko waldar ta ɓalle. Bai ce uffan ba ya sake. A na biyu sitod ya fito, tiredin ramin lafiya lau.

Na tambaye shi ko maciri mai tsada da bai karye ba. Ya ce mai kyau ya fi jurewa, yakan ɗan murɗe ya ba ka labari kafin ya tafi, amma shi ma ya sha ganin ya karye. Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne a tambayi kai kafin a sa kowane ƙarfe: in wannan ya karye, a ina zai karye? Sifana a hannunka take karyewa, ka jefar ka ɗauki wata. Maciri da taf ɗin yanka tiredi da bakin diril a cikin injin suke karyewa. Sauran macirai huɗun na fitar da su daga akwatin.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar awo. Mun fitar da fistan huɗu da karanshaf, mun wanke komai da kananzir.

Fila gejin araha, wato siraran ganyayen ƙarfen nan na auna rata, ya ba ni mamaki. Na bi ganyayensa ɗaya bayan ɗaya da maikuromita: na 0.05, na 0.10, na 0.20, na 0.30, duk sun faɗa daidai. Da shi da miƙaƙƙen ƙarfen awo na duba fuskar kan silinda, ganyen 0.10 ya shige a tsakiya, littafin injin kuwa 0.05 ya yarda da shi. Sai an kai an share.

Baniyar lantarki ta araha kuwa ba zan dogara da ita a cikin inji ba. Na auna wuyan karanshaf ɗaya sau biyar, ta ba ni amsa huɗu, tazararsu ta kai 0.05. Ratar mai da ke tsakanin karanshaf da metal, wato ɓawon ƙarfen da yake juyawa a cikinsa, gaba ɗayanta ba ta fi haka ba. Za ta yi amfani wajen sanin ko noti 8 ne ko 10, amma ba nan ba. Maikuromitar aro na yi, mai karanta 0.01, kuma kafin in fara na gwada ta da sandar gwajinta. Wuyoyin duk suna cikin iyaka. Na tabbatar da zaren Plastigage kore, wanda ke auna 0.025 zuwa 0.076: a shimfiɗa shi a wuyan, a ɗaure murfi, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin takardarsa. Abu ne mai arahar gaske, kuma bai yi mini ƙarya ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tun farkon aikin nan sifanar awon ɗauri ce ta fi damuna, domin ita in ta yi ƙarya ba ka sani sai inji ya tashi. Ina da ta araha, mai ƙara in ta kai, daga Nm 28 zuwa 210. Na kuma aro wata mai suna da tsada daga wani abokina, da niyyar in gwada tawa da tasa.

Sai na ga ai gara in gwada su duka da abin da ba ya son kai. Na danne gindin sifanar a bais, hannunta a miƙe kwance. Daga tsakiyar gindin zuwa layin da ke kan mariƙin santimita 40 ne. Na rataya jarka a daidai layin, ƙanena yana zuba ruwa a hankali har sifanar ta yi ƙara, sannan mu ɗora jarkar a sikeli. Lissafin ba wuya: kilo sau 9.81 sau mita 0.4. Don a samu Nm 60 ana bukatar kilo 15.3.

Ta araha ta yi ƙara a kilo 14.9, sannan 15.0, sannan 14.9. Wato wajen Nm 58.5, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na kuskure. Ƙa'idar ISO 6789 ta yarda wa irinta da kashi 4. Ta wuce.

Mai tsadar, da muka rataya a nata layin muka yi lissafi da nata tsawon, sau uku tana yin ƙara a wajen Nm 53. Kusan kashi 12 ƙasa. Na kira mai ita na tambaye shi yadda yake ajiye ta. Ya ce tun da ya ɗaure tayoyi da ita shekara biyu da suka wuce yana barinta a kan 110. To, sifirin ne a cikinta, kuma ana so a mayar da shi ƙasan ma'auni bayan kowane aiki. Ƙa'idar ma cewa ta yi a sake gwada sifana duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000. Da na amince da sunan da ke jikinta kawai, da na ɗaure metal ɗin injina sakwa-sakwa ina murna.

Sai dai ta arahar ma tana da iyakarta. Da na sauko da ita Nm 30, inda ya kamata ta yi ƙara a kilo 7.6, sai ta ba ni 8.9, 7.1, 9.4. A ƙasan ma'auninta ba ta da tsayayyar magana. Notunan murfin kamshaf da na kwanon mai a cikin alminiyam suke ko ƙanana ne, kuma a nan ne ƙarin kashi 20 ke zare tiredi. Don haka na sayi ƙaramar sifanar awo mai kyau, gindin 3/8, daga Nm 10 zuwa 60. Ita ce abu mafi tsada da na saya a aikin nan, kuma ita ma sai da ta sha jarka kafin in yarda da ita.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Karanshaf ya zauna, yana juyawa da hannu ɗaya. Kafin ɗauri na wanke kowane rami na busar, na shafa wa tiredi mai kamar yadda littafin ya ce. Kusan kashi 90 na ƙarfin da ake sa wa noti gogayya ce ke cinye shi, a tiredi da ƙarƙashin kai, ɗan ragowar ne ke miƙa notin ya riƙe. Ramin da ke da datti zai sa sifana mafi kyau ta yi ƙara alhali notin bai kama ba.

Wajen sa fistan na biyu matsin ringi na araha ya ci amanata. Faranti ne siriri da ake naɗe fistan da shi, kuma gefensa na ƙasa bai kwanta daidai a kan bulok ba. Ina tura fistan da ƙotar guduma, ringin mai ya leƙo ta ratar ya maƙale a bakin silinda. Allah ya sa na ji canjin sautin na tsaya, amma siririn ringin ya riga ya lanƙwashe. Ba a sayar da shi shi kaɗai. Araha ba ta ado, in ji masu magana, yau kam ta ja mini sayen wani saitin. Na goge gefen matsin da magagari har ya miƙe, na sa ƙanena ya danne shi da hannu biyu, sauran ukun suka shiga sumul.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ringin ya iso, fistan na biyu ya shiga. Kan silinda ya dawo daga shara, ganyen 0.05 ba ya shiga ko'ina.

Na zazzage babban akwatin a ƙasa na ware. Abin da ya mutu ko na kore: sifana lamba 12, soket 19, macirai biyar, racet ɗin da yanzu ya fara tsallake haƙori. Abin da ke aiki kullum ba ƙorafi: ƙananan soket na 8 da 10, sandunan ƙari, filaya, fila geji, burushin ƙarfe, maganaɗisun ɗauko noti. Fiye da rabin guda 108 ɗin ko taɓa su ban yi ba.

Ban ɗora kan silindar ba tukuna. Notunansa irin waɗanda ake ɗaurewa har su ɗan miƙe ne, a kai su wani adadi da sifanar awo sannan a ƙara musu digiri 90, kuma littafin ya ce kada a maimaita tsofaffi. Sababbin ba su iso ba. Kansu mai kusurwa goma sha biyu ne, ke nan dole soket mai goma sha biyu, irin wanda na guje wa a notunan salansa. Na babban akwatin yana girgiza a kan tsohon notin da na gwada, don haka ba zai taɓa sababbin ba. Na yi odar guda ɗaya mai kyau tare da su. Ma'aunin digiri kuwa ba zan saya ba. Zan ɗiga farin fenti a kan kowane noti ta gefen gaba, in juya har ɗigon ya kalli gefe, daga tsakiya zuwa waje, ƙanena yana riƙe da takardar jeri yana kira mini lamba. In kayan sun iso ranar Alhamis, Asabar mai zuwa za mu ɗaure, in sha Allah.